Fatalwar Rana Ta Zabielsk

Duk rundunar da ta ratsa ta Zabielsk sai da ta tafi da wani abu. Mutanen Suwidin suka ƙone fadar garin suka tafi da ƙofofinta. Na Ostiriya suka sauke ƙararrawar coci, na Rasha suka kore dawakai, Jamusawa kuwa suka kwashe rabin mutanen garin, waɗanda ba su dawo ba. Abin da aka bar mana bai wuce dandalin kasuwa da famfonsa da ba ya kawo ruwa ba, sai rabin hasumiya a kan tudu, wadda ba wanda ya ɗauka don ta yi nauyi. Bayan duk sun wuce ne aka haifi Leokadia Sroka, wadda 'yan gidansu ke kira Lodzia.

Tana budurwa wanki take yi wa ƙaramin asibitin garin. Babu inda iska ke kaɗawa kamar saman hasumiya, don haka can take hawa da kwandon zannuwan gado ta yi shanya. Saurayinta Bronek shi ne mai gadin kangon, aikinsa ya zauna a bakin ƙofa ya hana awaki shiga. Wata Lahadi suka yi faɗa saboda ta yi rawa da wani direban tarakta a bikin girbi. Washegari ya zauna a kujerarsa ya sha kunu, ya rantse ko ido ba zai ɗaga ya kalle ta ba.

A ranar ne wata bas ta ma'aikatan masaƙa, da ke hanyar zuwa wani gari mai abin kallo na gaskiya, ta lalace a gindin tudun. Don rashin abin yi fasinjoji suka hau kallon kango. Iska ta taso ta nannaɗe Leokadia da zanen gado daidai tana bakin taga, ta shiga kokawar fitar da kanta.

Wata mata cikin fasinjojin ta ce, "Bawan Allah, wace ce waccan a sama?"

Bronek bai ɗaga kai ba. "Wace? Ni ban ga kowa ba."

"Ga ta can cikin farare, tana ɗaga hannu!"

"Baiwar Allah, tun safe nake zaune a nan. Babu kowa a saman nan, kuma ko da akwai, ba ruwana da ita."

Matar ta yanke jiki ta faɗi. Kafin wata ya ƙare bas-bas suka fara zuwa Zabielsk da ƙafarsu, ba sai sun lalace ba.

Lokacin ana zamanin gurguzu. Sakataren jam'iyya ya tara mutane ya ce a ƙasar ma'aikata babu wani abu wai shi fatalwa, duk wanda ya ce ya gani zai yi bayani a ofis. Limamin coci ya hau mimbari ya ce ganin fatalwa camfi ne, kada ya ji wani Kirista ya gani. Tunda aka kafa garin ba a taɓa jin bakin waɗannan biyun ya zo ɗaya ba sai ran nan. Mutanen gari kuwa suka lura cewa baƙon da ya tsorata yakan ji yunwa, ya sayi tsiran alade da kokwamba mai tsami kafin ya koma mota. Sai aka tsaya a kan magana ɗaya: Leokadia za ta ci gaba da hawa da zanenta, kuma babu ɗan Zabielsk da zai gan ta. Malamin makaranta ya ƙago labarin cewa 'yar mai fadar ce, ta mutu tana jiran wani jarumi da ya tafi yaƙi. Fatalwowin sauran garuruwa cikin duhu suke fita, amma tamu da hantsi take fara aiki ta tashi da azahar, saboda baƙi na son su koma da wuri, ita ma tana da miyar da za ta ɗora.

Ita da Bronek suka shirya, aka ɗaura aure. Aka ɗaga shi daga mai korar awaki zuwa mai zagayawa da baƙi, aka ba shi hula da wata baƙar laima ta nuna duwatsu. A gaskiya mutumin ya iya aikinsa. Baƙo zai riƙe masa hannu yana rawar jiki yana nuna taga, Bronek ya zaro tabarau ya goge, ya dubi wurin sosai, ya juyo da fuskar tausayi ya tambayi baƙon ko ya yi karin kumallo. Sauran mutanen gari ma ba a bar su a baya ba. Tun yara suna ƙanana ake koya musu: in Pani Leokadia, wato Malama Leokadia, ta gifta, ka kalli abin da ke bayanta.

Da farko abin daɗi yake mata. Tana sama tana kallon manyan mutane masu digiri suna tuntuɓe da juna, ta toshe baki da zane tana dariya. Matsalar ita ce, ba wanda ya san ranar da baƙo zai ɓullo. Yana iya kasancewa a layin burodi, ko a bencin baya na coci. Saboda haka mutane suka ga gara su ci gaba da rashin ganinta ko ta cire zanen, don gudun kuskure. Kamar wasa abin ya bi jiki. A kanti sai ta ajiye abin da ta ɗauka a gaban Pani Bozena mai kanti, ita kuwa ta auna tana hira da sikeli. Direban bas ya wuce ta a tasha tana ɗaga hannu biyu. Ranar bikin 'yarta Halinka mai hoto ya jera dangi, ya bar gurbi a gefen amarya, ya ce kash, da ma uwar amarya tana kusa. Alhali Leokadia tana tsaye cikin gurbin da sabuwar rigarta.

Duk wannan da sauƙi a wurinta. Mutanen gari ba su ne suka yi mata alkawari a gaban limami ba. Wanda ke ci mata rai shi ne Bronek. Ya ce ƙwarewa sai da atisaye, don haka ya fara gwadawa a gida, yana kallon bangon da ke bayan kunnenta in suna magana. Shekaru suka tafi, atisayen bai ƙare ba. In ya shigo sai ya tambayi ɗakin girki, "Ko akwai miyar kabeji a gidan nan?" In ya ci ya ƙoshi ya gode wa tukunya. Ba mugunta ba ce, bai taɓa ɗaga mata murya ba, kuma duk kaka yakan shiga daji ya tsinko naman kaza irin wanda take so ya ajiye a kan teburi, ya ce na duk mai so ne. Ta taɓa yin yaji ta tafi gidan ƙanwarta, amma ta yi kuskuren cika masa tukwane kafin ta tafi. Sai da ya kai gindin ta ƙarshe ya fara cewa gidan nan ya yi shiru. Ta tsufa tana son abu ɗaya tak, mijinta ya dube ta ido cikin ido, kuma kunyar roƙon abu irin wannan ta hana ta faɗa wa kowa.

Gurguzu ya tafi, aka yi sabuwar babbar hanya da ta kauce wa Zabielsk, bas-bas suka ragu. Magajin gari, Pan Wojtala, wato Malam Wojtala, ya yi ta zarya har ya samu wani babban ma'aikaci daga lardi ya yarda zai zo ya gani da idonsa, in abin ya burge shi a kafa allo a bakin hanya mai nuna garin. Aka haɗa zuwansa da wata bas ta tsofaffin da suka yi ritaya. Aka share dandali, aka shafa wa famfo fenti.

Da safiyar ranar Leokadia ta ajiye wa Bronek shayi ta zauna a gabansa.

"Tsoho, kalle ni."

Ya ce wa butar shayi, "Yau fa ranar ce. A tsaya a tagar hagu, can rana ta fi bugawa."

"Na ce ka kalle ni. Wane launi ne rigar da ke jikina?"

"Fara mana."

Koriya ce. Ta tashi ta naɗe zanenta, ta cika ta yi fam. Tana hawa matakalar hasumiya, gwiwoyinta na ƙara, ta yanke shawara. Yau ba taga za ta tsaya ba. Za ta sauko har tsakar kangon, ta tsaya hanci da hanci da shi a gaban jama'a, ta ga inda zai kai idon nasa.

Baƙi suka iso. Rabin gari ya hau tudu, kowa na yi kamar wucewa yake. Bronek ya ɗaga laima ya fara bayanin yadda mutanen Suwidin suka cire ƙofofi. Babban ma'aikacin na hamma. Sai ga fararen kaya sun ɓullo a bakin matakala, ba a taga ba. Tsofaffin suka ja da baya. Leokadia ta tako mataki ɗaya, ta tako na biyu, a na gaba gwiwa ta ce ba ta san zance ba. Ta taka bakin zanen, ta gangaro, ta zube a kan duwatsu, ƙugunta ya yi wata ƙara da kowa ya ji.

Wata tsohuwa cikin baƙi ta ƙwalla ihu. "Wayyo Allah! Ta faɗi! Ku taimake ta mana!"

Mutanen Zabielsk ba su ba garinsu kunya ba. Pani Bozena ta ɗaga kai tana nazarin gajimare. Mai kemis ya durƙusa ɗaure igiyar takalmin da ba shi da igiya. Likitan garin da kansa yana wurin, gumi na tsatsafo masa, ya juya yana karanta wani dutse da babu rubutu a jikinsa. Pan Wojtala ya matso kusa da babban ma'aikacin da murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ji wani abu ne? Mu dai ba mu ji ba." Ma'aikacin ya daina hamma, idanunsa sun firfito.

Leokadia na kwance, zafi na ratsa ta har haƙora. Ta cikin zanen tana hango takalman Bronek, waɗanda ita ta goge su da safe. Ta ji muryarsa ta ci gaba, "To kamar yadda nake cewa, ƙofar ta gabas... ƙofar ta gabas..." Ta rufe ido. Ta san mutumin nan, ba ya barin bayani a tsakiya.

Sai ta ji laima ta faɗi ƙasa.

Pan Wojtala ya ce cikin raɗa mai ƙarfi, "Bronek! Allon! Bronek, ka tuna allon!"

Bronek ya durƙusa da ƙyar, don shi ma gwiwoyin nasa ba su fi nata ba. Ya yaye zanen daga kanta. Ya dube ta. Bai kalli bayan kunnenta ba, bai kalli dutsen da ke ƙarƙashin kanta ba. Ya daɗe yana kallo, bakinsa a buɗe, kamar wanda ya shiga gidansu ya tarar an canja ɗakuna.

"Lodzia," ya ce, "yaushe kika yi furfura haka?"

"Tun kafin a yaye jikarka, wawan tsoho."

"Ba wanda ya gaya mini."

"Wa zai gaya maka? Wa ya gani?"

Hawaye suka zubo masa, suka bi gashin baki. A bayansa baƙi na ta ɗaukar hoto, Pan Wojtala ya dafe kai, mutanen gari sun yi cirko-cirko sun rasa inda za su sa idanunsu. Bronek ya yunƙura. "Bari in kira likita, ga shi can yana karatu."

Ta cafke masa wuyan hannu da ƙarfin mai matse zannuwan asibiti.

"Zauna nan. Ƙugun ya riga ya karye, ba inda zai je. Ci gaba da kallo, ba ka ga komai ba tukuna."