Muryar Baba a Kaset ɗin Gwaji

Ƴan'uwa, yau na ji muryar marigayi Baba da kunnena!

Na shiga kantin nan na bakin kasuwar Tawa sayen cajar waya. Su ne masu sayar da rediyo a da, suna da rassa har Ƙonni da Madawa. Tsohon da ke tsaron kantin ya ƙura mini ido, ya ce, "Ke ba ɗiyar Mushe Idi, malamin makarantar Bambeye, ba ce?" Na ce ni ce.

Sai ga shi da wani tsohon kaset! Wai dokar maigidansu ce a kowane reshe, ba a sayar da rediyo sai mai saye ya yi magana an ɗauka, ya ji tana aiki. Baba ya zo ya gwada a shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi. Da ya ji sabon farashi, ya koma hannu rabbana.

Tsohon ya danna. Tarin Baba na fara ji. Sannan ya ce, "Hadiza, ki bar kuka, ga rediyonki nan tahe."

Wayyo Allah! Wata uku na yi ina fushi da shi a kan rediyon nan. Bai taɓa gaya mini ya je ba.

Cajar ma can na baro ta.