Hatsin Baba a Filin Alhaji

Shekarar da fari ya kore mu daga Tarka, muka sauka Tanout a filin wani Alhaji. An kewaye shi da katanga, ba a yi gini ba tukuna. Ya ce mu kafa bukka mu riƙa yi masa gadi.

Ruwan farko na sauka, baba ya ɗauki sungumi. Manomin Damargu ba ya iya kallon ƙasa jiƙaƙƙiya ya wuce. Ya shuke filin kaf da hatsi, har gindin katanga, bai tambayi kowa ba. A garinmu, wanda ya ara maka ƙasa yakan jira ka girbe.

Hatsi ya fid da kai, muna ɗokin tumu, sai ga Alhaji da motar yashi da magina. Baba ya cire hula ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri har kaka."

"Malam, nan birni ne," in ji Alhaji.

Baba da hannunsa ya sare hatsin ɗanye, awakin maƙwabta suka ci.

Har yau in na bi ta wurin, raina yakan ɓaci. Bene ne mai kyau, ƙofarsa a kulle. Mai shi yana Damagaram, bai taɓa kwana ciki ba.