Furosesa Huɗu a Shagon Mai Baji

Mai Baji ake ce masa, don tun yana saurayi sana'arsa ke nan: ɗinka bajin makarantu da keken surfani mai aiki da kwamfuta. Mutum ne marar hayaniya. Ko wuta aka ɗauke yana tsakiyar aiki, "to" kawai zai ce.

Manhajar da ke tuƙa keken tsohuwa ce tukuf, marigayiya matarsa ce ta saka ta da hannunta. Da tsohuwar kwamfutar ta fara shure-shure, 'yarsa ta kwashe komai ta zaunar da shi cikin sabuwa, kwamfuta a cikin kwamfuta, kamar baƙuwa a ɗakin haya.

Baƙuwar nan fa akwai nawa! Kafin ta buɗe zane ɗaya, mai shayi ya sallami layi. Makarantu suka fara ƙorafi, babbar cikinsu ta ce in aikin bana ya makara, za ta canza shago.

'Yar ta ware wa baƙuwar furosesa huɗu, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin. Aka duba: ɗaya na ta gumi, uku sun miƙe ƙafa.

"Baba, lokacin da Mama ta saka ta, ɗaya ta tarar. Ba ta ma san da sauran ba."

"To ki faɗa mata mana."

"Ba ta jin magana. Sai an goge an sake sakawa. Zanenka duk zan kwashe maka."

"Mamanki ce fa ta saka."

"Na sani, Baba."

Ya daɗe yana warware wani zare da bai harɗe ba. Can ya ce, "To."

Aka goge, aka sake. Huɗun suka kama aiki, zane na buɗewa kafin ya gyara zama. Bajin suka fita a kan kari, makarantar ba ta tafi ba.

Da 'yar ta koma gida, ya tsaya kallon fuskar kwamfutar. 'Yan alamomin da ke kanta duk a jere reras, alhali marigayiya a warwatse take barin kayanta, wannan can, wancan nan. Ya kama linzamin kwamfutar ya shiga watsa alamomin ɗaya bayan ɗaya. Sai dai ya kasa tuna inda take ajiye kowanne, abin kuwa ya yi masa ciwo ƙwarai.