Kazar Gidan Talatu

Har yau in na ga sikeli sai ranar da muka je ƙauyen Zuma awon abinci ta faɗo mini a rai. Ƙarshen shekarun saba'in ne, bakinmu bai ma saba da cewa Suleja ba, Abuja muke kiran garin nan. Ina ƙaramar ma'aikaciyar lafiya a ƙarƙashin wani jami'i, Malam Sabo.

Ga yadda aikin yake, don ku 'yan baya. A auna gari da kayan miya kafin a ɗora tukunya, a auna rabon yaro, a auna abin da ya rage a kwano. Da haka ake lissafa abin gina jiki da yaro ke samu. Inda aka ga ya gaza, nan ake ci gaba da raba madarar gari. Ƙa'ida kuwa, ba a sanar da zuwa, ba a cin abincin gidan.

Malam Sabo ya take duka biyun. Tun ana gobe ya aika wa mai unguwa cewa baƙin gwamnati na tafe.

Gidan Talatu aka tura ni. Na san ɗanta Audu a asibiti: gashi ya yi ja, ƙafa ta kumbura, madarar nan ce ke riƙe da shi. Ina shiga na tarar tana figar kaza.

"Haba Yaya Talatu, ba ita ce mai yi miki ƙwai ba?"

"Ita ce, Malama. To baƙi su zo in ɗora miya lami? Ai sai a yi da ni a gari."

Kusan kowane gida haka. Na auna abin da na tarar, ya zan yi? Da azahar Malam Sabo ya baje a tabarma a gidan Talatu, ya tashi da cinyar kazar sukutum.

A mota na ce, "Ranka ya daɗe, girkin baƙi muka auna. A sake."

Yana sakace ya ce, "Ke, sikeli ya faɗa ko bai faɗa ba? Masu cin kaza me za su yi da madara?"

Da baƙon ƙasa ne sai in yi masa uzuri. Amma shi ma haka mahaifiyarsa ke tarbar baƙo, ya sani sarai. So yake kawai manya su ce yankinsa ya ƙoshi. Wannan ne ke ƙona mini rai har gobe.

Aka cire Zuma daga rabon madara. Ranar karɓa Talatu ta zo da Audu a goye, da gwangwaninta, ni kuma aka bar wa faɗa mata. Ba ta ɗaga murya ba. Sai ta ce, "Malama, ko miyar ce ba ta yi wa Malam Sabo daɗi ba?"

Ba kaza, ba ƙwai, ba madara. Mutanenmu gara su kwana da yunwa da baƙo ya ga kasawarsu, sikeli kuwa bai san kunya ba. Tun ranar, har na yi ritaya, ban ƙara auna tukunyar da ta san da zuwana ba.