Kwana Tara Ina Shawara a Kan Gwiwar Mahaifiyata

Shekarun baya, ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, gwiwar mahaifiyata ta dama ta kumbura. Tun ina yaro take toya masa a ƙofar gidanmu a Gangare, a kan 'yar guntuwar kujera. Da farko sai ta dafa bango take miƙewa. Daga baya gwiwar ta cika tam, ga ɗumi, in ka danna sai ka ji kamar ruwa na gudu a ciki.

Ƙanwarta ta ce a kira wanzami ya yi mata ƙaho. Maƙwabciyarmu ta ce asibiti, amma wai in aka zuƙe ruwan sau ɗaya, shi ke nan, kullum sai an zuƙa. Mahaifiyata ta dube ni ta ce, "Kai ka yi boko. Abin da ka ce shi za a yi."

Ni kuwa labarin ƙasa na karanta. Na duƙufa bincike a waya, ina rufe wannan shafi ina buɗe wancan. Ga wani dattijo a layinmu da aka yanke wa ƙafa bayan an yi masa tsaga. Ina tsoron askar wanzami, ina tsoron allurar likita, kada ƙafarta ta salwanta ta dalilina.

Kullum da safe sai ta ce, "Likita, yau me littafi ya ce?"

In ce, "Mu ɗan ƙara gani, Mama."

Rana ta tara ta kasa sujada. Tana sallamewa ta ce, "Tare mini Keke. In ka gama karatun ka same ni can."

Na bi ta asibiti. Likita ya ce da alama guringuntsin gwiwar ne ya fara cinyewa, fatar da ta lulluɓe gaɓar daga ciki ta harzuƙa, ita ke tara ruwan. Ya zuƙo shi, ruwan ɗorawa-ɗorawa, ya ce sai an gwada. Sannan ya tambayi tun yaushe. Na ce kamar kwana tara. Ya ajiye biro ya ce, "Da ƙwayar cuta ce a ciki, kwana biyu ma sun yi yawa."

Kafin sakamako ya fito ko abinci ban iya ci ba. Allah ya taimake mu, babu ƙwayar cuta. Aka ba ta magani da motsa ƙafa, aka yi mata doguwar kujera. Ruwan ya dawo sau ɗaya, daga nan ya lafa.

Ba ta taɓa yi mini gori ba. Amma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Na ɗauka a kwanakin nan tara ban yanke komai ba, ina dai taka-tsantsan ne. Ashe kowace safiya na yanke a jira, kuma da ƙafarta nake jiran.