Rakshar Da Ta Ƙi Shan Caji A Bakin Rahad

Muna idar da sallar asuba muka bar Gadarif ta ƙasar Sudan, ni da wani abokin sana'ata, kowa da jakar kayan aikinsa. Tun a lokacin layin biredi ya zagaye kwana, na mai kuwa ba a magana. Kuɗin mota zuwa Mafaza ya ninka yadda na san shi. Da na yi ƙorafi, direba ya ce in sauka in nemo masa man da kaina, sai na biya.

Ƙanwata ce ta tashe ni. Tana aure a wani ƙauyenmu na Hausawa a bakin kogin Rahad, gaba da Mafaza, kuma cikinta ya tsufa. A cikinta na fari, a kan karo, wato amalanken jaki, ta haihu ana hanyar asibiti, ɗan bai zo da rai ba. Shi ya sa mijinta ya sayar da riɗinsa kaf ya sayi raksha, wato keke mai ƙafa uku, mai batir, wadda ake cajawa da farantin hasken rana, don kada rashin mai ya tsare su. Ga shi watan haihuwa ya kama, raksha ta ƙi shan caji. Ni kuwa gyaran wutar mota nake yi a kasuwa, to wa zai kira?

Bazara ce, baƙar ƙasa duk ta tsage. An girbe dawa, taraktoci na tsaye a bakin gonaki babu gas. A wani shinge soja ya zazzage jakata, ya ga mita da wayoyinta ya ɓata rai, bai sake mu ba sai da na auna masa batirin tocilansa. A Mafaza muka karya da ful, wato dafaffen wake, da man riɗi, biredin ya ƙanƙance kamar tafin hannun yaro. Daga nan karo muka hau, na yi ta kallon ramukan hanyar ina tuna ƙanwata.

Kafin azahar muka isa. Rakshar na cikin rumfar kara, manne da bukkar da suke kwana. Na jona caja, jar fitila ta hau ƙyaftawa. Faranti yana ba da wuta, caja lafiya lau, batir bai mutu ba. Saura hassas, wato ɗan abin nan kamar ƙwayar wake da ke manne a jikin batir yana gaya wa caja zafinsa. In caja ba ta ji daga gare shi ba, ba za ta saki wuta ba. Na ɗora mita a kan wayoyinsa biyu, ba ta nuna komai ba, kamar an yanke su.

Nan mijin ya ce wani a Mafaza ya gaya masa akwai ɗan abin da ake laƙawa a madadin hassas, a ruɗi caja ta ɗauka batir na da sanyi. Raina ya ɓaci. Na nuna masa karan rumfa da ciyawar bukka, na ce a wannan zafin batirin da ba mai tsawata masa wuta zai kama, kuma matarsa ce a bayan zanar nan. Ya saurare ni har na gama, sannan ya kira ni yadda ake kiran mai gyara a wajenmu.

"Usta, in naƙuda ta zo yau fa?"

Wallahi ɗan abin ruɗin cajar yana cikin jakata, kuma ban zo da sabon hassas ba. Tsoro ya kama ni, na gaske. Abokina ne ya ce kafin mu yanke wa hassas hukunci mu bi wayar da hannu. Muka ɗaga kujera muka bi ta, har muka kai fisha, inda waya ke haɗuwa da waya. Ina zare ta na ga cikinta ya yi kore shar da tsatsa. Na ce ikon Allah, ina ruwa ya fito a tsakiyar bazara?

Daga bayan zana ƙanwata ta amsa. "Ni ce, Yaya."

Ashe kullum da rana takan taɓa batir ta ji ya yi zafi, sai ta jiƙa buhu ta lulluɓe shi, yadda muke yi wa jarkar ruwan sha. Ruwan ya yi ta ɗiga cikin fisha. Tana faɗa tana kuka, wai tsoro take kada ya lalace kafin ranarta. Na fasa duk faɗan da na shirya.

Na yanke fishar, na gasa ƙarfen lida a garwashin da ake dafa mana jabana, wato gahawa, na haɗe wayoyin na naɗe su. Mita ta nuna lamba. Na jingina kofin shayi mai ɗumi a jikin hassas, lamba ta sauka, na janye ta hau. Lafiyarsa ƙalau, hanyar maganarsa ce ta toshe. Muka jona caja, fitila ta zama koriya. Mijin ya juya ya fita.

Kafin rana ta faɗi batir ya cika, muka kwana, da safe muka kamo hanyar gida. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne kada tsoro ya sa in toshe bakin abin da aka sa don ya yi gargaɗi, kuma in tambayi mutanen gida yadda suke kula da kayansu kafin in zargi na'ura.

Bayan 'yan kwanaki ina shago mijin ya kira daga asibitin Mafaza. Ya ce ta zubar da jini sosai, amma sun isa a kan lokaci, tana nan da rai. Sai ya matsar da wayar, na ji kukan jaririya. Na zauna a kan tsohuwar taya a ƙofar shago ina hawaye, maƙwabta suka taru suna tambayata wa ya rasu.