Istifanus Mai Fenti da Yaron Daddara

Istifanus mai fenti ya tsufa yana zana ɗawisu da zaki a jikin manyan motocin da ke tsallaka iyaka a Magama. Da aiki ya ja baya, sai ya karɓi koyar da zane a wani gidan gyaran hali, inda ake tsare yara.

A cikinsu akwai Mujahid, ɗan wajen Daddara, da aka kama da jarkokin fetur. Hannunsa na da kyau, amma kome aka ce ya zana, rumbu yake zanawa yana cin wuta.

"Ɗana, ga koren fenti, zana mini gona mana," in ji Istifanus.

"Baba, 'yan bindiga ke kwana a gonarmu."

Istifanus ya yi alkawarin ɗaukarsa aiki in ya fito. Ranar da ya kawo masa sabon buroshi, ya tarar an sallame shi. Ya bi sawu har ƙauyensu, ya iske kango, ba kowa. Da ya koma aji, ya raba wa yaran takardu, ya zauna riƙe da sabon buroshin.